Libarba a Ƙarƙashin Riga: Abin da Ya Kamata Ɗan Kasuwar Boukoki Ya Sani Kafin Ya Nemi Bindiga

Daga cikin tambayoyin da ke isowa teburin masu aikin lauya a Yamai, musamman daga ƴan kasuwar Katako da masu shagunan Boukoki waɗanda ke rufe ƙofa bayan magariba su kama hanyar gida da cinikin yini a aljihu, akwai tambayar wace ƙaramar bindiga ce ta fi dacewa mutum ya ɓoye a jikinsa domin kare kai, kuma wane irin harsashi ya kamata ta ci. Tsoron da ke haifar da tambayar gaskiya ne, domin fashi a kan babur da fasa shago da dare abubuwa ne da mutanen birni suka sani, amma yadda ake tsara ta ya zo ne daga bidiyoyin Amurka da ke yawo a waya. A can kundin tsarin mulki ya ba farar hula haƙƙin riƙe makami tun 1791, kotun ƙoli kuma ta tabbatar a 2022 cewa haƙƙin ya haɗa da fita da ƙaramar bindiga waje. Cibiyar Small Arms Survey da ke Janeba ta ƙiyasta cewa a 2017 akwai bindiga kusan 120 a hannun farar hula ga kowane mutum 100 a Amurka, alhali a Nijar adadin bai kai ɗaya ga mutum 100 ba, don haka shawarar da aka tsara wa mai saye a waccan ƙasa tana tsallake matakan da suka fi muhimmanci ga mazaunin Boukoki.

A Nijar riƙe bindiga alfarma ce da hukuma ke bayarwa kuma take iya janyewa. Tun dokar 1963 da ta tsara mallakar makamai da shigo da su da sayar da su, farar hula ba shi da hanyar riƙe bindiga sai da izinin Ma'aikatar Cikin Gida, wanda ake bayarwa bayan bincike a kan halin mai nema da dalilinsa, kuma wanda aka kama da ita ba tare da wannan takarda ba ya aikata laifin da ke kai mutum kaso ko da bai taɓa harba ta ba. Tsarin shari'ar da ƙasar ta gada daga Faransa yana bambanta ajiye makami a gida da ɗaukarsa a jiki zuwa kasuwa ko cikin mota, saboda haka wajibi ne mai takarda ya karanta abin da aka rubuta masa da kyau, ya san wace bindiga aka ambata da lambarta da iyakar abin da aka yarje masa. Takardar ta mutum ɗaya ce, ba a ara wa ƙane ko yaron shago ko mai gadi.

Yarjejeniyar ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, kan ƙananan makamai, wadda aka sa wa hannu a Abuja ranar 14 ga Yuni 2006 ta fara aiki a 2009, ta jera sharuɗɗan da ya kamata mai neman izini ya cika: ya kai shekarun da doka ta yanke, ba shi da tarihin laifi, yana da dalili karɓaɓɓe, ya samu horo a kan sarrafa makami da sanin doka, kuma ya nuna cewa yana da wurin ajiya mai tsaro inda bindiga ke zama dabam, harsashi dabam. Ta kuma sa a jira aƙalla kwana 21 kafin a ba da izini, domin wanda ya nemi makami cikin zafin rai ya samu lokacin hucewa. Ficewar Nijar daga CEDEAO, wadda ta tabbata a Janairun 2025, ba ta soke dokokin cikin gida ba, kuma waɗannan sharuɗɗa har yanzu ma'auni ne mai kyau da mutum zai gwada kansa da shi kafin ya kai takardunsa ko'ina.

Libarba ita ce ƙaramar bindigar da ke da ganga mai juyawa a tsakiyarta, gangar tana da ramuka biyar ko shida, kowane rami da harsashi ɗaya, kuma duk jan kunama yana juyo rami na gaba ya daidaita da bututu. Samuel Colt ya yi mata rajista a Amurka a 1836, amma irin da ake nufi idan ana maganar ɓoyewa a jiki ita ce mai gajeren bututu, kimanin santimita 5, wadda ta shahara da Colt Detective Special ta 1927 mai harsashi shida da Chiefs Special ta kamfanin Smith & Wesson ta 1950 mai harsashi biyar. Masu yabonta suna da hujja: aikinta ba shi da rikitarwa, tana iya daɗewa a ajiye ba tare da ta ƙi tashi ba, kuma idan harsashi ɗaya ya ƙi fashewa jan kunama na biyu yana kawo wani. Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne, a wurin masu koyar da harbi, wannan ƙaramar libarba tana cikin bindigogin da suka fi wuyar saita wa. Jan kunamarta yana buƙatar ƙarfin da ya kai kilo 5 ko kusa da haka, alhali ita kanta nauyinta kusan rabin kilo ne, wasu ma da aka ƙera da alminiyam ba su kai ba, saboda haka yatsan da ke ja yana karkatar da bakin bindigar kafin harsashi ya fita. Tazarar da ke tsakanin alamomin saiti na gaba da na baya gajera ce, kuskure kaɗan a hannu yana zama kuskure babba a inda harsashi ya sauka, kuma rashin nauyi yana sa naushin da take yi wa hannu bayan harbi ya fi na babbar bindiga zafi. Wanda ke horo a kai a kai yana iya shawo kan waɗannan, amma ɗan kasuwar da ba shi da filin horo, wanda harbinsa na farko zai kasance cikin duhu da firgici, bai kamata ya ɗauka cewa zai samu abin da ya nufa ba.

Kalibar, wato faɗin harsashi da ramin bututun da yake bi, shi ne abin da masu tambaya suka fi son a yi musu bayani. Harsashin .38 Special, wanda ya fito a ƙarshen ƙarni na 19, shi ne na asali ga ƙananan libarba, faɗinsa milimita 9 da ɗan ɗoriya, naushinsa kuma matsakaici ne. Harsashin .357 Magnum na 1935 faɗinsu ɗaya da shi amma kwansonsa ya fi tsawo kuma ƙarfinsa ya ninka, shi ne jandarmomin Faransa na musamman suka riƙe a libarbar Manurhin MR 73, sai dai a gajeren bututu wani kaso na ƙarfin yana tafiya a wuta da ƙara, hannu kuma ya sha wuya. Akwai .22, wanda naushinsa kaɗan ne har wasu ke raina shi, alhali yana kisa kuma yana tafiya fiye da kilomita ɗaya idan bai gamu da komai ba. Su kuwa 7,65 da 9 milimita da ake yawan ji a ƙasashen da ke amfani da Faransanci, galibi na fistol ne mai ɗaukar harsashi a gidansa da ke cikin mariƙi. Ƙa'idar da ta ratsa duka ita ce, harsashin da ke da ƙarfin tsayar da mutum yana da ƙarfin wuce shi ko wuce abin da ke bayansa, kuma ƙarar kowannensu ta haura desibel 140, matakin da harbi ɗaya a cikin ɗaki ke iya lalata ji har abada.

A nan ne yanayin Boukoki ke shiga lissafi, kuma a ganin mai wannan rubutu shi ne ya fi kalibar nauyi. Unguwa ce mai cunkoso a tsakiyar Yamai, gidajen haya da yawa iyalai da dama ne ke tarayya a tsakar gida ɗaya, ƙofofi na kwano ne ko na langalanga, wasu shingayen na zana ne, lokacin zafi mutane a waje suke kwana, samari kuma suna zaune a fada a bakin titi har dare ya raba. Kwano da katako da zana ba sa tsayar da ko ɗaya daga cikin harsasan da aka ambata, kuma wanda ya bugi siminti ko ƙarfe yana iya kaucewa ya nufi wani gefe. Harbin sama da wasu ke ɗauka gargaɗi ne marar illa shi ma yana da haɗari, domin abin da ya hau sai ya sauko, kuma yana saukowa da gudun da ke iya fasa kan yaro. Malamai suna karantar da hadisin da ke cikin Buhari da Muslim wanda ya umarci mai wucewa da kibau ta kasuwa ko masallaci ya riƙe tsininsu kada ya ji wa wani, da kuma wanda ya hana nuna ɗan'uwa da makami, kuma hikimar da ke cikinsu ta shafi mai ratsa Katako da bindiga a ƙugu kai tsaye.

Kundin hukunta laifuka na Nijar, wanda asalinsa na 1961 ne, ya amince da kare kai, amma da sharaɗin cewa larurar ta kasance a daidai lokacin, wato harin yana faruwa ko yana gab da faruwa a kan mutum ko waninsa. Ya ambaci korar mai haura katanga ko fasa ƙofar gidan da ake zaune a ciki da dare, da kuma kare kai daga masu sata ko wawaso da ƙarfi. Alƙalai suna duba ko martanin ya yi daidai da girman barazanar, kuma a nan ne mutane da yawa ke faɗawa, domin ɓarawon da ya fizge waya ya juya da gudu ya daina zama barazana ga rai, harbinsa a baya kuwa ramuwa ce a idon shari'a. Haka nan fito da bindiga a rikicin bashi ko na iyakar fili ko na karon mota barazana ce da makami, ko da ba a taɓa kunama ba. Wanda ya yi harbi, ko da yana da gaskiya, ya sa ran za a karɓe bindigar, a tsare shi a komisariya ko wurin jandarma, a kai maganar gaban mai gabatar da ƙara, kuma idan harsashinsa ya samu maƙwabci ko mai wucewa, hujjar kare kai daga ɓarawo ba ta wanke shi daga haƙƙin wannan ba. Bayan kotu akwai zaman unguwa, inda iyalin wanda aka rasa da iyalin wanda ya harba za su ci gaba da haɗuwa a famfo ɗaya da masallaci ɗaya.

Binciken likitoci a Amurka, inda aka fi tara alƙaluma a kan wannan, bai goyi bayan zaton cewa bindiga na ƙara tsaro kai tsaye ba. Nazarin Arthur Kellermann da abokan aikinsa na 1993 ya samu cewa gidan da ke da bindiga haɗarin kisan kai a cikinsa ya ninka kusan sau 2,7, mafi yawa a hannun dangi ko na kusa, nazarin Charles Branas na 2009 a birnin Filadelfiya kuma ya samu cewa masu ɗauke da bindiga sun fi waɗanda ba su da ita yiwuwar a harbe su a lokacin hari da fiye da sau 4. Masana sun yi muhawara a kan hanyoyin waɗannan nazarce-nazarce, kuma Filadelfiya ba Yamai ba ce, amma dalilan a bayyane suke ga duk mai aiki da fayilolin kotu: ɗan fashi shi ke zaɓar lokaci, yakan zo da abokin tafiya, kuma ganin hannu ya nufi ƙugu yana sa shi harbi. A gida kuwa yara sun san maɓoyar kowane abu, kuma libarba ba ta da makullin hana tashi irin na wasu fistol.

Mafi munin zaɓi shi ne bindigar bayan fage. Tun rushewar gwamnatin Libiya a 2011 makamai suka ƙara yawo a Sahel, kuma cikin abin da jami'an tsaro ke kamawa a Nijar akwai bindigogin ƙara kawai, waɗanda aka ƙera don harba kwanso marar dalma, aka sauya su suna cin harsashin gaske. Ƙarfensu ba a yi shi don wannan matsi ba, yana iya tarwatsewa a hannun mai harbi, haka ma ƙirar maƙera. Mai sayen irin wannan bai san ko an taɓa kisa da ita ba, kuma ranar da aka same ta a wurinsa shi zai amsa tambayar.

Ɗan kasuwar da damuwarsa kuɗin ciniki ne yana da hanyoyin da suka fi rage masa haɗari: zuba kuɗi a banki ko a wuraren aika kuɗi irin su Nita da Al Izza kafin rana ta faɗi, sauya lokaci da hanyar komawa gida, haɗa kai da maƙwabtan shago a ɗauki mai gadi a sa fitila, da riƙe lambar ƴan sanda, 17, da ta komisariyar yankinsa. Wanda kuma ya tarar da bindiga cikin kayan gado, abin da ke faruwa a gidajen tsofaffin sojoji da mafarauta, ya sani izinin mamaci ba ya bin magada. Hukumar CNCCAI, wadda aka kafa a 1994 domin tattara makaman da ba su bisa doka, ita ce ke da alhakin wannan fanni a ƙasar da ta ƙona makaman tawaye a bikin Wutar Zaman Lafiya na Agadas ranar 25 ga Satumba 2000. Abin da ya dace magaji ya yi shi ne kada ya ɗauki bindigar ya fita da ita da kansa, ya kulle ta inda yara ba sa kaiwa, ya sanar da komisariya ko jandarma mafi kusa, ya kuma karɓi takardar shaidar miƙawa mai ɗauke da lambar makamin da ranar da aka karɓe shi.