Gidan Wasan da Aka Kafa a Tsohuwar Kasuwa: Manufarsa da Masu Jan Ragamarsa

Daga wata ɗalibar aji biyu na ƙaramar sakandare, 'yar Ƙungiyar 'Yan Jarida



Duk wanda ya halarci bikin ba da kyaututtuka na zangon da ya wuce ya san ƙungiyar wasan kwaikwayo ba ta fito ba. Ina cikin ƙungiyar, don haka na san abin da ya faru. Mun yi mako shida muna gwaji, amma kusan kowa so yake ya fito a sarki ko gimbiya, har da ni. Babu wanda ya yarda ya riƙe littafin kuɗin da muka tara. Babu wanda ya je aron kayan sawa. Da aka tambaye mu me wasan yake son koya wa mutane, kowa da amsarsa. Ana saura kwana uku muka watse.

Da na kai kuka wurin malamar ƙungiyarmu ta 'yan jarida, sai ta ce maimakon ƙorafi in je in yi nazarin yadda ake tafiyar da gidan wasa na gaske, in rubuto wa allo. Na zaɓi Market Theatre, wato Gidan Wasan Kasuwa, da ke birnin Johannesburg a Afirka ta Kudu. Dalilina shi ne a can aka fara nuna wasan Sarafina, wanda da yawa daga cikinmu muka kalli fim ɗinsa.

Mece ce manufa?

Manufa ita ce dalilin da ya sa aka kafa abu. Ita ce amsar tambayoyi biyu: me muka zo yi, kuma don wa? Manufar asibiti kula da marasa lafiya. Manufar makaranta koyar da yara ilimi da tarbiyya. Shi ma gidan wasan kwaikwayo yana da tasa. Wani an gina shi ne don nishaɗi da neman riba, wani don raya al'adun yankinsa. Manufa ce ke nuna wa shugabanni wane wasa za su karɓa, wane za su ƙi, nawa za su sa kuɗin tikiti, da wa za su bari ya shiga.

Halin da ƙasar take ciki

Kafin mu gane manufar gidan Market, sai mun san zamanin da aka kafa shi. Daga shekarar 1948 gwamnatin fararen fata tsiraru ta shimfiɗa mulkin wariyar launin fata a Afirka ta Kudu. An raba unguwanni, makarantu, motocin haya, har kujerun zama a wuraren shaƙatawa. Baƙar fata ba ya yawo a cikin birni sai da takardar izini a aljihu. Wariyar ta kai har gidajen wasa. A 1965 an ƙara tsaurara doka, aka hana baƙi da farare zama tare su yi kallo sai da izinin hukuma. Manyan gidajen wasan da gwamnati ke ba kuɗi kuwa, fararen fata suke yi wa hidima.

Yadda aka kafa gidan

A unguwar Newtown ta Johannesburg akwai wata babbar kasuwa da aka gina a 1913, inda Indiyawa ke sayar da 'ya'yan itace. Da kasuwar ta tashi, ginin ya zama kango. Mutum biyu, Barney Simon da Mannie Manim, waɗanda tun 1974 suke da ƙungiyar 'yan wasa amma ba su da gidan kansu, suka samu ginin. 'Yan wasan da kansu suka sa hannu a aikin gyara. Ba su goge tarihin wurin ba, domin har allunan sunayen masu sayar da kaya an bar su a rataye, sunan kasuwa kuma ya bi gidan.

An buɗe shi ranar 21 ga Yuni, 1976. Ku lura da wannan rana. Kwana biyar kafin nan, ranar 16 ga Yuni, ɗaliban Soweto suka fito zanga-zangar ƙin amincewa da a koyar da su da harshen Afrikaans, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Cikin waɗanda aka kashe akwai Hector Pieterson, yaro ɗan shekara 12, wato ƙanina ne ma a shekaru. Don tunawa da su ne ake bikin Ranar Yaran Afirka duk 16 ga Yuni. A cikin wannan tashin hankali gidan ya buɗe ƙofarsa.

Manufar gidan Market

Manufar ba ta da tsawo: gidan wasa na kowa, ba ruwansa da launin fata, a kan dandamali da kuma wurin zaman 'yan kallo. Sannan gida ne da zai faɗi gaskiyar abin da ke faruwa a ƙasar. A yau wannan ba zai ba mu mamaki ba. A wancan lokaci kuwa, magana ce mai iya jawo wa mutum fushin hukuma.

Manufar ta zo da tsadarta. Gidan bai dogara da kuɗin gwamnatin wariya ba, domin wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Da kuɗin tikiti da gudummawar masu son aikin aka riƙa tafiyar da shi. Hakan na nufin kullum ana cikin lissafin yadda za a biya 'yan wasa da kuɗin wuta. Amma hakan ne ya ba su bakin magana.

Su wa ke jan ragama?

Hausawa na cewa ba a sarki biyu a gari ɗaya. Sai ga shi gidan Market ya tashi da shugaba biyu, kuma bai rushe ba. Sirrin shi ne kowa da gonarsa.

Na farko, daraktan fasaha. Shi ne mai kula da abin da za a gani a kan dandamali: zaɓen wasanni, nemo marubuta da 'yan wasa, da tabbatar da cewa wasa ya yi kyau kuma ya dace da manufa. Barney Simon ne ya riƙe wannan aiki tun daga kafuwar gidan har rasuwarsa a 1995. Yana da wata hanya ta musamman. Yakan tura 'yan wasa cikin gari su zauna a tashar mota ko kotu, su saurari mutane, su lura da tafiyarsu da maganarsu. In sun dawo sai a haɗa abin da suka gani a gina wasa da shi. Ta haka labarin talakan da jaridu ba sa bugawa ya hau dandamali.

Na biyu, manajan gida. Shi ne mai kula da kuɗi, albashi, gini, tikiti, talla, da neman masu ba da gudummawa. Wannan shi ne aikin Mannie Manim. Tun yana matashi ya shiga harkar da aikin nuna wa 'yan kallo kujerunsu, ya yi ta hawa har ya zama babba a hukumar wasannin da gwamnati ke ɗaukar nauyi. Ya bar wannan aiki mai tabbataccen albashi ya koma tsohuwar kasuwa. Gwani ne kuma wajen tsara fitilun dandamali. 'Yan kallo ba sa tafa wa manaja, amma ranar da ya kasa biyan kuɗin wuta babu wasan da za a gani.

Na uku, kwamitin amintattu. Su ba sa fitowa a wasa, ba sa sayar da tikiti. Aikinsu sa ido: duba lissafin kuɗi, taimakawa wajen nemo tallafi, da tsare manufa kada a kauce mata. Su ne masu tambayar shugabanni biyun ina aka kwana.

A ƙarƙashin waɗannan akwai mai kula da dandamali, wanda ke ba da alamar lokacin da ɗan wasa zai shiga da lokacin da fitila za ta mutu. Akwai masu ɗinka kaya, kafintoci, masu sauti, masu sayar da tikiti da masu shara. 'Yan wasan da muke gani kaɗan ne daga cikin ma'aikatan gidan.

Me wannan haɗin kai ya haifar?

A 1981 aka nuna wasan Woza Albert, wanda Percy Mtwa da Mbongeni Ngema suka tsara tare da Barney Simon. Woza da harshen Zulu na nufin zo, Albert kuwa shi ne Albert Luthuli, jagoran gwagwarmaya da ya samu kyautar Nobel ta zaman lafiya. Abin da ya fi burge ni shi ne mutum biyu kacal ne suke fitowa a matsayin mutane da yawa. Kayan aikinsu akwatunan katako biyu ne da 'yan tufafi a rataye. In ɗayansu zai zama Bature, sai ya ɗora ɗan hanci mai launin hoda a kan nasa. Wasan ya zaga ƙasashen duniya. Mu kuwa mun ce ba za mu yi wasa ba sai mun samu alkyabba!

A 1987 aka fara nuna Sarafina na Mbongeni Ngema, wanda ke ba da labarin ɗaliban Soweto. Shahararren mai busa ƙaho Hugh Masekela ya sa hannu a kiɗansa. A ƙarshen 1987 wasan ya isa birnin New York na Amurka, a 1992 kuma aka mai da shi fim, inda Leleti Khumalo ta fito a Sarafina, Whoopi Goldberg kuma a malamarsu.

A 1987 ɗin dai, John Kani, baƙar fata, ya fito a matsayin Othello a wasan Shakespeare, matarsa a cikin wasan kuma farar fata ce. Wannan ya fusata masu ra'ayin wariya. Shugabannin gidan ba su janye wasan ba. A irin wannan rana ake gane ko manufa ta gaske ce ko ado ce a takarda. Masu kallon finafinai sun san John Kani, domin shi ne Sarki T'Chaka a fim ɗin Black Panther na 2018.

Tanadin magada

Shugaba nagari yana tunanin wanda zai gaje shi. A 1989 Barney Simon da John Kani suka buɗe makarantar koyon wasa a ƙarƙashin gidan, don matasan da wariya ta hana damar karatu. A shekarar ne kuma mai ɗaukar hoto David Goldblatt ya buɗe makarantar koyon ɗaukar hoto. Dukansu biyu suna nan suna aiki.

A 1994 aka yi zaɓen da kowa ya jefa ƙuri'a, Nelson Mandela ya zama shugaban ƙasa. Sai gidan ya fuskanci sabuwar tambaya: tunda wariyar da muke yaƙa ta faɗi, me ya rage mana? Amsar da aikinsu ya bayar ita ce har yanzu akwai talauci, rashin adalci da raunukan baya da ake buƙatar magana a kansu. Misali, a 2002 an nuna wasan John Kani mai suna Nothing But the Truth, kan wani gida da ke fama da abin da zamanin gwagwarmaya ya bar musu. Yanzu gidan yana samun tallafin gwamnati, kuma minista ne ke naɗa majalisar da ke sa ido a kansa. Shugabanni sun sauya, misali an naɗa James Ngcobo daraktan fasaha a 2013. Ɗakunan wasa uku na gidan kuwa suna ɗauke da sunayen John Kani, Barney Simon da Mannie Manim. Na ji daɗi da na ga manaja ma ya samu ɗaki da sunansa.

Abin da na koya

Ƙungiyarmu ba rashin gwanaye ne ya kashe ta ba, domin muna da masu iya sa mutum dariya har ya riƙe ciki. Ba mu zauna mun amince da dalilin wasanmu ba, kuma mun raina duk aikin da ba a tafa wa mai shi. Ni kaina an ce in riƙe littafin kuɗi na ƙi, don ina ganin faɗuwa ce.

Ga shawarata ga 'yan ƙungiya, in malaminmu ya amince. Kafin a raba wa kowa rawar da zai taka, mu rubuta manufarmu a jimla ɗaya mu liƙa a bango. Mu zaɓi mutum ɗaya mai kula da wasa, ɗaya mai kula da kuɗi da kaya, ɗaya mai kula da dandamali. Mu roƙi malamai biyu su zama amintattunmu, su riƙa duba littafin kuɗi duk ƙarshen wata. A wannan karon, in ba a samu mai so ba, ni zan riƙe littafin.

Tambayoyi don auna fahimta

1. Mece ce manufa, kuma wace tambaya take amsawa?
2. A wace shekara aka buɗe gidan Market, kuma me ya faru kwana biyar kafin nan?
3. Kawo bambanci biyu tsakanin aikin daraktan fasaha da na manajan gida.
4. Me ya sa gidan bai dogara da kuɗin gwamnatin wariya ba?
5. Rubuta manufar da kake ganin ta dace da ƙungiyar wasan kwaikwayon makarantarmu, a jimla ɗaya.

Ku jefa amsoshinku a akwatin ƙungiyar 'yan jarida da ke gefen wannan allo. Za mu liƙa manufa uku da suka fi kyau a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.