Gashi ko Gyaran Mama: Wanne Ake Fara Yi?

Tambaya: An cire min mama ɗaya saboda sankara, aka sa min wata 'yar jaka a ƙarƙashin fata. Yanzu an ce sai an yi min gashi. Shin a sa min robar dindindin tukuna, ko in bari sai bayan gashin? Daga wata baiwar Allah a Zariya.

Amsa: Sannu 'yar uwa, Allah ya sa kaffara ne, ya ba ki lafiya.

Jakar nan da ke jikinki ta wucin gadi ce. Ana ɗura mata ruwan gishiri da allura kaɗan-kaɗan, mako bayan mako, har fata ta buɗe, sannan a musanya ta da robar silikon. Gashi kuwa akan yi shi idan ƙarin ya wuce santimita 5, ko cutar ta kai ga kaluluwar hammata, don a ƙone ragowar ƙwayoyin da ido ba ya gani. Akan yi zama 25 cikin mako 5, ko zama 15 cikin mako 3.

Sai dai gashi yana taurara fata, ya rage mata jini, shi ya sa ciwo ba ya saurin warkewa a wurin. Daga nan hanya ta rabu biyu.

Ta farko, a gasa da jakar a jiki, a jira kamar wata 6 fata ta huce, sannan a yi musanya. Ba a ɓata lokacin magani, amma tun da za a yanka fatar da ta sha wuta, ɗinki kan iya buɗewa ko wurin ya yi ruwa, har a cire robar gaba ɗaya.

Ta biyu, a sa robar dindindin bayan an gama ƙarin ruwan maganin sankara, a bari ɗinki ya kame, sannan a gasa. Asibitin Memorial Sloan Kettering da ke Amurka ya yi suna da wannan tsari. Robar ta fi tsira, amma naman da ya kewaye ta yakan ƙanƙance ya matse ta, sai maman ya yi tauri, ya ɗago sama, wani lokaci har da zafi.

Abin da nake roƙonki shi ne kada ki jinkirta gashi saboda gyara. Na'urorin gashi ba su da yawa a Najeriya, layi kuma yana da tsawo. Idan ranarki ta fito, ki riƙe ta da hannu biyu. Ki nemi likitan tiyata da likitan gashi su tsara lokacin tare. Ko da roba ta ƙi zama, ana iya ɗauko tsoka da fata daga bayanki ko naman cikinki a gina maman daga baya, ko bayan shekaru ne. Sai da rai ake ado.