Darasin Tarihi: Takari da Tutar Ingila a Jidda

Duk ɗalibin da ya karanta Littafin Ayyukan Manzanni ya san abin da ya sami Manzo Bulus a Urushalima, sa'ad da sojoji suka ɗaure shi za su yi masa bulala. Da ya sanar da su cewa shi ɗan ƙasar Roma ne, nan da nan suka ja da baya, har shugabansu ya tsorata. A ranar Allah ya yi amfani da sunan wata daula ya kāre bawansa. Darasinmu na bana a kan irin wannan kariya yake, amma a zamanin Turawa, kuma ya shafi mutanen Arewa da suka tafi ƙasar Hijaz, inda Makka da Madina suke.

Da farko sai mu rarrabe abu biyu. Ikko mallakar Ingila ce kai tsaye, saboda haka wanda aka haifa a can talakan Sarkin Ingila ne a doka. Arewa kuwa, tun daga ran 1 ga Janairu 1900 da Gwamna Lugga ya ɗaga tuta a Lokoja, ƙasa ce da ke ƙarƙashin kariyar Ingila. Bakano da Babarbare da mutumin Filato ba talakawan Sarkin Ingila ba ne, sunansu a takarda shi ne "waɗanda Ingila ke kārewa". Haɗewar 1914 ba ta kawar da wannan bambanci ba. A gida talaka bai damu da shi ba, tun da ko yaya aka kira shi sai ya biya haraji. Sai ya fita waje ne maganar ke tasowa: wa zai tsaya masa in ya shiga wahala?

Mutanenmu kuwa sun fita da yawa. Bayan yaƙin Burmi na 1903, inda aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ɗansa Mai Wurno ya ja jama'a zuwa Sudan, suka kafa garin da ake kira da sunansa kusa da Sannar. Wasu kuma aikin hajji ya fitar da su. Da ƙafa suke tafiya ta Barno da Wadai da Darfur, suna yada zango suna ƙwadago, daga baya ma har a gonakin auduga na Jazira, kafin su tara kuɗin ƙetare Bahar Maliya daga Sawakin. Tafiyar takan ci shekaru. Larabawa suna kiransu Takari.

Har zuwa 1916 Hijaz tana hannun Turkawa. Dokarsu ta 1869 ta ce duk mazaunin ƙasarsu nasu ne, sai in ya kawo shaidar cewa shi na wata ƙasa ne. Sarkinsu na Santambul kuma, da yake yana riƙe da sunan Halifa, bai so wani sarki Kirista ya ce shi ne uban Musulmi a ƙasa mai tsarki ba. Ga wata wahala kuma: ƙaramin jakadan Ingila yana zaune a Jidda, ba shi da damar shiga Makka domin shi ba Musulmi ba ne. Don haka tun 1882 aka naɗa masa mataimaki, wani likita Musulmi ɗan Indiya. Amma hankalin ofishin yana kan alhazan Indiya, masu zuwa cikin jirgin ruwa da takardunsu a hannu.

To, ku dubi halin Bahaushen da ya bar gida shekara goma, ba shi da ko ƙyallen takarda. Da me zai tabbatar cewa shi na Ingila ne? Da Hausar bakinsa? Ai mutumin Damagaram ma Hausa yake ji, shi kuwa na Faransa ne. Bulus da baki ya faɗi matsayinsa aka yarda. Takari sai an yi ta bincike, wani lokaci ma kowane ofishi ya tura shi gaba don gudun biyan kuɗin mayar da shi gida.

Bayan Sarki Abdul'aziz ɗan Sa'ud ya ci Jidda a ƙarshen 1925, sai aka zauna sabuwar magana. Ran 20 ga Mayu 1927 Sir Gilbert Clayton da Yarima Faisal ɗan Sarki suka sa hannu a Yarjejeniyar Jidda. Ingila ta amince da cikakken 'yancin mulkin Abdul'aziz. Shi kuma ya yi alkawarin sauƙaƙa aikin hajji ga talakawan Ingila da waɗanda take kārewa, ya amince da matsayinsu in suna ƙasarsa, ya kuma yarda a miƙa wa wakilin Ingila kayan alhajin da ya rasu ba shi da mai kula da dukiyarsa a can, don a kai wa magada. Ku lura da kalmomin "waɗanda take kārewa". Ta wannan ƙofa ce mutumin Kano da na Yola suka shiga yarjejeniyar.

Abin da ya fi zafi shi ne batun bayi. A lokacin ana cinikin bayi a Hijaz, kuma cikin waɗanda ake sayarwa har da 'ya'yan matafiya daga ƙasashenmu, wasu an sace su a hanya, wasu an yaudare su da sunan za a kai su hajji. Cikin wasiƙun da suka raka yarjejeniyar, Ingila ta riƙe ikon 'yanta duk bawan da ya gudo da ƙafarsa zuwa ofishinta na Jidda, akan kuma sa shi a jirgi a ƙetarar da shi Sudan. Sarki bai taɓa jin daɗin wannan ba, yana ganinsa raini ne ga mulkinsa. A 1936 Ingila ta saki ikon, bayan gwamnatin Saudiyya ta fitar da dokar taƙaita cinikin bayi. A ganina an yi gaggawa, domin ba a soke bautar ba sai 1962, a hannun Faisal ɗin nan da ya sa hannu a 1927. Shekara 26 bawan da ya gudu ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Kada kuma mu ɗauka tausayi kaɗai ne ya motsa Turawa. Suna tsoron alhazai su komo da aƙidar Mahadi daga Sudan. Razdan Palmer na Barno ya bi hanyar da kansa daga Maiduguri har Jidda, ya rubuta rahoto a 1919, kuma a 1923 aka kama Malam Sa'idu ɗan Hayatu bisa zargin Mahadiyya. Fasfon alhazai da ajiyar kuɗin komowa da aka fito da su a shekarun 1920 sun taimaki matafiyi, amma sun kuma ba gwamnati damar sanin wa ya fita, wa ya dawo. Talakawa da yawa sun ci gaba da bin ɓarauniyar hanya.

Wannan matsayi ya ƙare ran 1 ga Oktoba 1960, sa'ad da mutanen Arewa suka zama 'yan Nijeriya a doka. Mutanen Mubi da Gwoza da Ganye, da yake ƙasarsu amana ce ta Majalisar Ɗinkin Duniya, sun ci gaba da zama ƙarƙashin kariyar Ingila har ran 1 ga Yuni 1961.