Amsoshin Tambayoyinku: Me Ke Sa Mutane Ɗora Bidiyonsu A Intanet?

Ɗora bidiyo a intanet ya zama ruwan dare ne bayan kafa YouTube a 2005. Bidiyon farko a shafin, wanda Jawed Karim ya ɗora ranar 23 ga Afrilu na shekarar, bai kai daƙiƙa 20 ba, kuma ya nuna shi yana tsaye gaban giwaye a gidan namun daji na San Diego a Amurka.

Da fari nishaɗi ne da son a san mutum. Neman kuɗi ya shigo a 2007, lokacin da YouTube ya fara raba kuɗin talla da masu tashoshi. Mai tasha kan samu kashi 55 cikin ɗari na kuɗin tallan dogon bidiyo, muddin ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo cikin wata 12. Wannan kuɗin tallan ne ya ja masu shirya finafinan Kannywood zuwa YouTube, bayan satar fasaha ta durƙusar da kasuwar faifai.

Wasu kuma sana'a suke tallatawa, kamar tela mai nuna ɗinkin Sallah a TikTok, ko malami mai yaɗa karatu. Sai dai abin da aka ɗora da wuya ya gogu, domin wani na iya sauke shi a wayarsa kafin a cire.