Wat Dubu Biyu a Kwali, Goma Sha Takwas a Lasifika

'Yan uwa ɗalibai, musamman na sashen lantarki a nan Ƙauran Namoda, idan kun je hutu Dauran, Zurmi ko Shinkafi, ku za a fara tambaya kafin a sayi amfilifayar masallaci ko ta Islamiyya. Kuɗin jama'a ne, don haka kada ku ba da kunya.

Da farko ku kau da ido daga 2000W PMPO ɗin nan da ake rangaɗawa a jikin kwali. Babu ƙa'ida ɗaya da ake bi wajen auna shi, talla ce kawai. Abin nema shi ne wat na RMS, wato ƙarfin da na'urar za ta iya ci gaba da bayarwa ba tare da murya ta lalace ba.

Ga lissafin: P = V²/R. Mu ɗauki amfilifaya mai aiki da batir na bolt 12, tunda a garuruwanmu sola ta fi NEPA tabbas. Ko da an yi mata haɗin gada, iyakar abin da zai kai ga lasifika bolt 12 ne. A raba da 1.414, RMS ya zama kusan 8.5. A ninka shi da kansa, 72 ke nan. A raba da om 4 na lasifika, an samu wat 18. Shi ma a takarda, don taransisto sai sun ci rabonsu. Wadda duk ta wuce haka, akwai taransifoma ko wani sashe mai ɗaga bolt a cikinta. Wat 2000 na gaske kuwa zai ja sama da amfiya 160 daga wannan batir. Wace waya ce a bayanta za ta ɗauka?

Wutar da ba ta zama sauti ba, zafi take zama. Rukunin B ba ya wuce kashi 78.5 cikin ɗari, rukunin D yana kai kusan 90, shi ya sa ya fi sauƙin cin batir.

Kuma ninka wat sau biyu desibel 3 kawai yake ƙarawa. Kafin kunne ya ji ƙara ta ninka, sai an ninka wat kusan sau goma. Nan ne ake yin ɓarna: a murɗa ƙara har ƙarshe, amfilifaya ta kasa, ta riƙa yanke kan igiyar sauti, muryar ladan ta koma ƙarar garwa, nadin wayar lasifika ya yi zafi ya ƙone. Da kun ji murya ta fara gurɓata, ku rage.