Tsara Injin Lantarki Mai Fes da Yawa da Dawwamammen Maganaɗisu: Matsalar Juriya ga Lalacewa

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin ƙa'idojin tsara injin lantarki da fes ɗinsa suka haura uku, wanda rotarsa ke ɗauke da dawwamammen maganaɗisu. Ta nuna cewa ƙara yawan fes kaɗai ba ya sa injin ya jure lalacewa, sai an tsara naɗin waya da inbata bisa la'akari da cewa maganaɗisun ba ya kashuwa.

1.0 Gabatarwa

Injin lantarki yana da manyan sassa biyu: siteta, wato sashen da ke tsaye mai ɗauke da naɗin wayar tagulla, da rota, wato sashen da ke juyawa a cikinta. Fes kuwa shi ne rukunin naɗi guda da ake bai wa wuta mai kai-komo a nasa lokacin. Tun daga 1891, lokacin da aka tura wuta mai fes uku daga Lauffen zuwa Frankfurt a Jamus, tazarar kimanin kilomita 175, tsarin fes uku ya zama ruwan dare. Sai dai injin da inbata ke ciyarwa ba ya karɓar wuta kai tsaye daga layin gari, don haka babu abin da ya tilasta masa tsayawa a uku. Ward da Härer sun wallafa bincike kan injin mai fes biyar tun 1969. A 1984 kuma Masato Sagawa na kamfanin Sumitomo a Japan da John Croat na General Motors a Amurka suka bayyana maganaɗisun niyodimiyam, wanda ya ba da damar ƙera ƙaramin injin mai ƙarfi sosai. Haɗuwar waɗannan biyu ta fi amfani a jiragen sama da na ruwa, inda tsayawar injin ke iya jawo asarar rai.

2.0 Fa'idar Yawan Fes

Fa'ida ta farko ita ce raba nauyi. Injin mai kilowat 100 yana ɗora wa kowane fes kimanin kilowat 33 idan fes uku ne, amma kilowat 20 kacal idan biyar ne, don haka ƙananan makunnai sun wadatar a inbata.

Ta biyu ita ce raguwar girgiza a ƙarfin murɗawa. A tsarin fes uku, babbar girgizar tana zuwa sau 6 a kowane zagayen wuta. A fes biyar, masu ratar digiri 72 a tsakaninsu, tana komawa sau 10. A tsarin rukuni biyu na fes uku da aka raba da digiri 30, tana komawa sau 12. Gwargwadon saurin girgiza, gwargwadon ƙanƙantarta da sauƙin da nauyin rota zai shanye ta.

Ta uku, wadda ita ce ginshiƙi, ita ce ci gaba da aiki bayan lalacewa. Idan fes ɗaya ya yanke a injin mai fes uku da ba a fito da mahaɗarsa ta tsakiya ba, biyun da suka rage suna zama hanya guda, filin maganaɗisu ya daina zagayawa, ya koma bugawa a wuri ɗaya. Mai fes biyar kuwa yana iya rasa ɗaya, ko ma biyu, filin ya ci gaba da zagayawa. Amma abin ba kyauta ba ne: domin dawo da cikakken ƙarfi bayan rasa fes ɗaya, sai an ƙara wutar da ke ratsa sauran huɗun da kimanin kashi 38 cikin ɗari. Tun da zafin waya yana tashi ne da ninkin kwararar a kanta, kowane naɗi zai fitar da zafi kusan ninki biyu. Wajibi ne a tanadi wannan tun a takarda, ta kaurin waya da hanyar sanyaya.

3.0 Maganaɗisun da Ba Ya Kashuwa

A injin da rotarsa ke samun maganaɗisu daga wuta, yanke wutar yana kawo ƙarshen haɗari. A nan ba haka ba ne. Muddin rota tana juyawa, maganaɗisunta yana haifar da wuta a cikin kowane naɗi, har da wanda ya lalace. Idan wayoyin fes guda suka haɗu, wuta za ta ci gaba da kewayawa a ciki ko da an kashe inbata, ta ɗumama naɗin, ta kuma riƙa birki ga rota. Zafin na iya cinye rufin wayar maƙwabta, ya kuma raunana maganaɗisun. Niyodimiyam yana rasa maganaɗisunsa baki ɗaya a wajen digiri 310 na ma'aunin Salshiyos, amma raunin da ba ya gyaruwa yana farawa tun ƙasa da haka sosai. Saboda haka ne ake gauraya shi da disfurosiyam, ko a koma ga samariyam da kobalt masu jure zafi.

4.0 Ƙa'idojin Tsari

Binciken da Barrie Mecrow da Alan Jack da abokan aikinsu suka gudanar a Jami'ar Newcastle ta Ingila a shekarun 1990, kan injin famfon man jirgin sama, ya kafa hanyar da ake bi har yau. Manufarta ita ce a ware kowane fes daga 'yan'uwansa.

Na farko, warewa a jiki. Ana naɗa waya a kan haƙori guda na siteta, a tsallake na gaba, ta yadda kowane gurbi zai ɗauki fes ɗaya tak. Haƙorin da aka bari yana zama katanga ga zafi da kuma maganaɗisu. Misali shi ne siteta mai gurbi 10 da rota mai kan maganaɗisu 8: naɗi biyar suna samun ratar digiri 72 daidai, kuma kowanne yana cin moriyar kimanin kashi 95 cikin ɗari na filin.

Na biyu, warewa a wuta. Kowane fes yana samun nasa rukunin makunnai huɗu. Wannan ya kai makunnai 20 ga fes biyar, maimakon 10 na inbata mai mahaɗa guda, ko 6 na fes uku.

Na uku, iyakance wutar haɗuwa. A gudu mai yawa, girman wannan wuta ba ya bin saurin rota. Yana dogara ne kan ƙarfin maganaɗisu da kuma indoktans, wato turjiyar naɗi ga sauyin kwarara. Ana ƙara wannan turjiya da gangan, ta hanyar zurfafa gurbi da matse bakinsa, har wutar haɗuwa ta yi daidai da wadda naɗin ya saba ɗauka. Mafi muni shi ne haɗuwar zagaye ɗaya ko biyu a cikin naɗi, domin wutar da ke bi ta wurin tana ninka ta al'ada sau da yawa. Maganin da aka sani shi ne inbata ta gano matsalar da wuri, ta haɗe bakin fes ɗin gaba ɗaya, nauyin ya rabu a kan dukkan zagayen.

5.0 Kammalawa

Kowace ƙa'ida tana da farashi. Yawan makunnai yana ƙara kuɗi da wuraren da ka iya lalacewa. Babban indoktans yana buƙatar inbata mafi girma. Naɗi a kan haƙori guda yana haifar da ɓatattun filaye da ke ɗumama rota, har a kan yanka maganaɗisun gunduwa-gunduwa don rage hakan. Ga fanka ko famfon ruwa, fes uku sun wadatar. Inda rai ya rataya a kan juyawar injin kuwa, ya kamata mai tsari ya fara lissafa abin da zai faru a daƙiƙar da waya ta haɗu alhali rota na kan gudu, sannan ya zaɓi adadin fes.