Saɓanin Masana da Mai Neman Maganin Damuwa

Tun daga Sigmund Freud, wanda ya dogara ga tono abin da ya wuce a ƙuruciya, har zuwa shekarun 1960 da Aaron Beck na Amurka ya ce a fara da gyara tunanin yau, masu warkar da damuwa ta hanyar zance ba su daina jayayya ba, kowa da hujjarsa, tamkar malaman mazhabobi. Kada wannan saɓani ya hana ka neman magani, ya mai karatu, domin tun 1936 wani masani, Saul Rosenzweig, ya lura cewa fa'idar hanyoyin kusan ɗaya ce. Abin dubawa, a ganina, shi ne amana: wanda zai saurare ka, ya rufa asirinka. Amma in tunanin halaka kai ya bijiro, a garzaya asibiti nan take.